Sawun Da Na Yi Ta Sharewa

Tun ɗiyar nan ba ta iya tsayuwa ba nake tsoron sawunta. Sauran mata suna tsoron maciji da rijiya da ƙyanda, ni sawu nake tsoro. Ina ƙarama a gidanmu na Kurfi akwai wata mata da ƙafarta ta shanye, kowa ya ce ƙasar sawunta aka ɗiba aka kai wa boka. Ban san gaskiyar abin ba, amma na ga ƙafar da idona, siririya kamar karan dawa, tana jan ta a ƙasa. Abin ya zauna mini a rai. Ranar da ɗiyata ta fara taka ƙasa a nan Ɗantutture, matan gida suna tafi suna guɗa, ni tsintsiya na ɗauka.

Ita ce ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, kunya ta zama biyu ke nan. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi ta fasa baki sai in kau da kai in bar wata ta ɗaga ta. A ɗakin Inna, uwar maigidana, take kwana. Ubanta yana ce mata Uwata, Inna tana ce mata Takwara, ni kuwa "ke" ce kawai. Abin da ya rage mini na uwa shi ne shara. Duk inda ta taka, daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ina bayanta da tsintsiya, safe da rana da yamma. Har aka riƙa yabona da tsabta. Tsabtar me? Tsoro ne.

Karatuna bai wuce izu biyu ba, hannuna ma a ajami kamar kaza ta yi tono. Amma na roƙi Malam, maigidana, takarda da tawada, don abin da ya same mu kada ya sami wata.

Da bazarar da ta cika damina takwas rijiyar ƙofar gidanmu ta ƙafe, aka koma tonon ruwa a yashin rafi, tafiya mai ɗan nisa. Aka ba ta ƙaramin tulu, sau biyu a rana. Ba a yi kwana goma ba na ga abin da ba wanda ya gani. In za ta tashi daga tsugune sai ta dafa gwiwar dama. In za ta gangara gaɓar rafi sai ta juya gefe ta sauka kamar ƙaguwa. Na gani, amma wa zan gaya wa? Uwa ba ta ganin ɗan fari. Sai na juya na fuskanci turmi na ce, "Da wani zai duba tafiyar yaran gidan nan, da ya kyauta."

Inna ta ce, "Da turmi kike magana? Lalaci ne. Mu da muka ɗauki tulu da ciki wata tara ba mu dafa komi ba."

Mako na biyu gwiwar ta ɗan tasa ta gefen ciki, da la'asar yarinya ta zauna tana kuka ƙasa-ƙasa. Nan fa gida ya cika. Ashe Ɗantutture cike take da masana, ni ina ta zaton manoma ne. Wannan ta ce sanyi ne. Waccan ta ce ta tsallake abin da ba a tsallakewa. Wata da ɗanta ya shekara uku da gyambo bai warke ba, ita ce ta fi kowa tabbacin magani. Aka shafa toka, aka shafa kanwa, aka ɗaura ganyen da ko akuya ba ta ci. Can wata tsohuwa ta tauna goronta ta tofar ta ce, "Ku bar wahala, sawunta aka ɗauka." Na ji kamar ta mare ni. Shekara bakwai ina shara! Amma maimakon in ƙaryata ta a zuciyata, sai na ƙara yawan sharar, har tsintsiyata ta zama guntuwa.

Malam ya yi rubutu ya wanke ta sha. Wannan ban raina ba, sunan Allah ne, kuma shi kaɗai ne bai bar mata tabo ba.

Mako na uku Inna ta aika aka kira wanzami. Ya zo da zabirarsa yana tafiya kamar shi ya haifi lafiya. Bai tambayi yarinya inda ke mata ciwo ba. Bai ce ta tashi ta taka ya gani ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa ko kallo bai kai ba, kamar ƙafar ba tata ba ce. Ya tsattsaga fata wuri bakwai, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya zubar a kasko ya zagaya da shi yana nuna wa mata.

"Kun gani? Mataccen jini. Wanga jinin in ya kwana uku nan gaba, sai dai a yanke ƙafar."

Mata suka riƙa salati. Ni ina bayan danga ina cizon gefen zanena, ina jin ihunta, ba ni da ikon in leƙa. Ko a goshin liman ka kafa ƙaho ai baƙin jini za ka gani, wane ne bai san wannan ba? Ya tafi da jan zakaranmu a hammata. Bayan kwana huɗu biyu daga cikin tsagar suka yi ruwa, ƙuda ya same su. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Muna cikin mako na biyar aka yi shela cewa likitan Nasara ya sauka a barikin Dutsin-Ma, zai kwana uku yana duba mutane. Inna ta ce ba da ita ba, Nasara yankan mutane suke yi. Da dare Malam ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Ni ba ni da hujjar bin ɗiyar fari zuwa neman magani, sai na ce na daɗe ban gai da gwaggota a Shema, can kusa da Dutsin-Ma, ba. Malam ya dube ni, ya gane, ya bar ni. Muka kama hanya da sassafe, ita a kan jaki, ni a baya da ƙaninta a goye.

Washegari muka tarar da layi tun daga gindin tsamiya har bakin duwatsu. Masu gyambo, masu kurkunu, makafi, wani da wuyansa ya kumbura kamar tulu. Rana ta take, ba ruwa, ba inuwa sai ga wanda ya riga. Kusan duk wanda ya shiga rumfar nan da abu ɗaya yake fitowa, wani farin gishiri mai ɗaci da ake kaɗawa a ruwa, wai yana wanke ciki. Mai ciwon ido gishiri, mai ciwon haƙori gishiri. Bayan bariki ya zama abin da ba zan rubuta da tawadar Malam ba.

Sai bayan azahar aka zo kanmu. Zan faɗi gaskiya a kan Baturen nan, ko da yake ba ni da abin da ya haɗa ni da shi. Ya dubi tsagar wanzami ya girgiza kai. Ya sa ta tsaya. Sannan ya yi abin da ba wanda ya yi tun farkon ciwon: ya tsuguna ya kama diddigenta. Ya tura babban yatsansa ƙarƙashin tafin ƙafar hagu, yatsan ya shige. Ya tura a ta dama, bai sami wurin shiga ba. Ya miƙe ya shimfiɗa tafin hannunsa, sannan ya lanƙwasa shi kamar mai ɗiban ruwa, ya sake shimfiɗawa. Ya nuna takalmin tafintansa. Ya yi magana mai tsawo kamar huɗuba. Duk ina gani ta ƙarƙashin mayafi.

Tafintan kuwa, wani mai jar dara da takalmin da ke kuka in ya taka, yana can yana korar ƙuda da wutsiyar saniya. Hausarsa irin ta bariki ce, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka. Bature ya gama huɗubarsa, shi ya juyo ya ce, "Ya ce ƙafa ta kwanta. Na gaba!"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ta kwanta kamar yaya?"

"Kai ba Bahaushe ba ne? Ta kwanta! Na gaba!"

Aka ba mu gishirinmu muka fito. Tafiyar yini biyu, zuwa da komowa, a kan kalma uku. Maganar mutum mai tsawon kamu goma, ya yanko mana taƙi ɗaya ya jefo mana kamar yana ba kare ƙashi.

Muka komo gida da umarni: ƙafa ta kwanta. Inna da ta ce Nasara mayanka ne, ita ce ta fi kowa riƙe wannan magana, don ta dace da abin da take so. Aka shimfiɗa wa yarinya tabarma a ɗakinta, aka hana ta tashi sai zagayawa. Mako uku cur. Kumburin ya sauka, aka ce to ga shi. Amma ni da rana in Inna ta shiga maƙwabta, nakan shiga kamar mai neman ludayi, in auna cinyoyinta da zaren da nake kaɗi. Ta dama tana raguwa. Kowane mako sai na ƙulla sabon ƙulli a baya da na da. Na tuna matar nan ta Kurfi, abinci ya daina shiga mini. Ranar da aka ce ta tashi ta gwada, ƙafar ta yi rawa kamar ta sabon maraƙi, ciwon ya dawo ya fi na da.

Wanzami ya dawo. Ya matsa gwiwar ya ce ruwa ne ya taru a ciki, ƙaho ba ya kaiwa can, sai sakiya. Wanda bai san sakiya ba, ƙarfe ne mai tsini ake sawa a wuta ya yi ja, a soka a wurin. Na san wani mutum da aka yi wa a gwiwa, har ya mutu ƙafarsa ba ta ƙara lanƙwasawa ba, a miƙe yake salla. Inna ta amince. Malam ya sunkuyar da kai, uwarsa ce. Abin da ya cece mu a ranar shi ne hadari ya fara haɗuwa, wanzami yana sauri ya gyara gonarsa. Ya ce sai Juma'ar da ta biyo bayan noman farko. Ko a nan ma gonarsa ta fi ƙafar ɗiyata, amma na gode wa gonar.

Kwana biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka. Da safe tsakar gida ta yi laushi, yarinya ta dafa bango ta zagaya ta komo, ta bar sawu jere a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗauko tsintsiya. Tsintsiya ba ta share laka. Ina cikin murje su da ƙafata ɗaya bayan ɗaya sai na ji an ce, "Ke! Tsaya!"

Goggo Dudu ce, wata tsohuwar Bafilatana mai kawo mana nono. Duk rani suna kudu da shanu, ruwan nan ne ya dawo da su rugarsu ta bayan gari. Ta sauke ƙwaryarta, ta tsuguna a kan sawun da ya rage kamar ta ga kuɗi.

"Sawun wa ye wannan?"

Na waiwaya ƙofar ɗakin Inna. Inna ta leƙo ta ce, "Na Takwara ne. Mi kika gani?"

"Zo ki taka nan," ta ce mini. Na taka kusa da shi. "To dubi naki. Kin ga gefen ciki, inda ƙasa ba ta taɓu ba, kamar an gutsuri ƙosai? Dubi nata na hagu, akwai gutsuren ko da kaɗan ne. Yanzu dubi na dama."

Na duba. Shekara bakwai ina bin sawun nan, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Na dama cike yake, shafe kamar an ajiye faifai. Gefen babban yatsa ya nutse cikin laka, yatsun sun karkata waje, diddigen ya murɗe.

Goggo Dudu ta ce, "Maraƙi in kofatonsa ya karkace, ba kofaton ke kuka ba, gwiwa ce. Mu muna ganewa tun daga sawu, kafin ya fara ɗingishi. Ƙafar ɗiyar nan ta kwanta ta ciki, gwiwa tana binta tana faɗawa. Ku kuma kun taru a kan gwiwa kuna yanka. Ba nan take ba, an danne bodari ta ka."

Ƙafar ta kwanta. Na ga hannun Baturen nan a idona, shimfiɗe, lanƙwashe, shimfiɗe. Ashe labari yake ba mu, ƙafa ta riga ta kwanta, a tashe ta. Jakin tafintan nan ya faɗe shi ba hawa ba sauka, muka ji umarni, a kwantar da ita. Mako uku na cinyar ɗiyata suka tafi a kan muryar mutumin da ya fi damuwa da ƙudan da ke kan hancinsa. Ban yafe masa ba, kuma ba na neman a ba ni haƙuri.

Amma kafin in gama zaginsa a zuci sai na dubi tsintsiyar da ke hannuna. Goggo Dudu shekara nawa tana shiga gidan nan da nono? Da ta tarar da sawu ko sau ɗaya, da ta gani tun yarinya tana shekara huɗu. Ni na share. Ni ce na fi su duka.

Goggo Dudu ta ce abin yana gyaruwa, amma ba da ƙarfe ba, kuma ba a kwana ɗaya ba. Sai an sami mai tsayawa a kanta kullum, mai kallon kowane taku. Inna ta ce, "Ɗiyar malamai za a mai da saniya? To ba da yawuna ba." Goggo Dudu ta dube ni. Na dubi ƙasa.

Da na kai wa Malam tuwo zaure ban ajiye na juya kamar kullum ba. Na durƙusa na ce, "Malam, ina da magana a kan yarinyar nan."

Ya ɗago kamar ya ji akuya ta yi sallama. "Ke ce kike zancenta?"

"Ni ce. A bar ni da ita zuwa ranar da wanzami ya sa. In ba ta taka ba, ba zan ƙara cewa komi ba."

Ya daɗe yana juya loma. Sannan ya ce, "Ban sa ki ba, ban hana ki ba." Maganar maza ke nan in suna tsoron uwarsu kuma suna tsoron Allah. Na karɓa haka nan, ta ishe ni.

Goggo Dudu ta nuna mini komi cikin safiya uku, in ta sauke nono. Da farko gashi: ruwan ɗumi da tsumma a cinya da ɗan maraƙin ƙafa, a bi da man shanu ana tausa daga diddige zuwa sama, ba a taɓa tsagar. Ranar farko da na kama ƙafarta yarinya ta janye, ta dube ni a tsorace. Ban da awon zare a ɓoye, rabon da in taɓa jikinta da rana tsaka tun yaye. Ta ce, "Yaya, Inna za ta gani." Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen Malam suna faɗa. Na ce, "Ta gani."

Bayan gashi sai ta murza tafin ƙafarta a kan ƙwallon goruba, gaba da baya. Sai in zuba 'ya'yan tsamiya a ƙasa ta riƙa tsinta da yatsun ƙafa tana jefawa a ƙoƙo. Ranar farko uku ta iya, ta yi kuka ta ce yatsunta ba su jin magana. Don cinya kuwa, na ɗinka 'yar jaka na zuba gero tafi biyu, in ɗaura mata a idon sawu, ta zauna ta miƙe ƙafa ta ɗaga, ta riƙe har in karanta Ƙulhuwallahu, ta sauke. Ta kama turmi ta yi ɗage a kan yatsu. Da hantsi mu gangara rafi, in ja layi biyu a yashi da kara, ta bi tsakaninsu, gwiwa tana kallon yatsa na biyu. In ta kai ƙarshe mu dawo tare muna duba sawun, wanda ya karkace in zagaye shi da kara, ta sake.

Matan da ke ɗiban ruwa suka samu abin yi. "Ku zo ku ga marar kunya, tana wasa da ɗiyar fari!" "Yaushe za a kai ta kiwo?" Waɗannan su ne masu toka da kanwa. Wadda ta fi su baki na lura ita ma diddigen takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, na bar ta da abinta.

Mako na farko abin ya ƙi. Cinya ta yi tsami, yarinya ta ce na fi wanzami mugunta. Inna ta riƙa zagaya gida tana cewa, "Ai na faɗa." Na tari Goggo Dudu tun a ƙofar gida na ce mun ɓata. Ta ce, "Ina ke ciwon, gwiwa ko nama?" Na ce nama. Ta ce, "Nama ya farka ne. Rage geron, kar ki daina."

Sai maganar takalmi. Ta ce a sami baduku ya ɗinka fade, ya cusa fata ninki uku ta gefen ciki inda ƙafar ta kwanta, ya zama kamar an sa mata matashi. Baduku mai kyau yana cin kasuwar Kuki, yarinya kuwa ba ta iya wannan tafiya. Na ce to yaya zai san girman ƙafar? Goggo Dudu ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya fito. "Ki kai masa sawun mana."

Na kwaɓa yumɓu a faifai, na sa ɗiyata ta taka, na shanya. Ni da hannuna na ɗauki sawunta, na naɗe a tsumma, na sa a ƙwarya, na ba ƙanin Malam ya kai wa baƙon da ban taɓa gani ba. Yini na yi ina Ayatul Kursiyyu. Abin da na shekara bakwai ina gudu, shi ne maganin. Badukun nan Allah ya yi masa albarka, ko da yake ya riƙe mu kasuwa biyu kuma fatar da ya sa tana wari har yau. Amma ya dawo mini da yumɓuna ba ko gutsure, ya ce a gaya wa mai shi ya san abin da take tsoro.

Mako na uku 'ya'yan tsamiya suka cika ƙoƙo. Mako na huɗu zarena ya fara komawa wajen ƙullin farko. Ta gangara gaɓar rafi tana kallon gabanta, ba a karkace ba, ita ma ba ta lura ba. Ni na lura. Ban gaya wa kowa ba, tsoron baki.

Aka gama noman farko. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wanzami ya yi sallama. Bai tambayi yadda take ba. Ya nemi garwashi, ya zauna a tsakar gida ya tura ƙarfensa a ciki yana fifitawa. Maƙwabta suka cika gida, kallo ya samu. Malam yana tsaye a bakin zaure. Na ce, "Malam, alkawari." Ya yi gyaran murya ya ce a bari ta taka a gani tukuna.

An yi yayyafi da safe, ƙasa da laushi. Aka fito da ita ƙofar ɗakin Inna da fadenta. Ta ga wuta, ta ga ƙarfen ya fara ja, ta ga mutumin da ya tsaga ta. Duk abin da muka yi kwana talatin da wani abu muna yi ya zube. Ta kama bango, gwiwar ta faɗa ciki, ta ja ƙafa taku biyu ta tsaya ƙafar tana rawa.

Wanzami ya yi dariya. "To ga aikin Fulani nan. Ku kama mini ita, mata biyu a kafaɗa, ɗaya a ƙafa."

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na je can ƙarshen tsakar gida, kusa da inda Malam yake, na durƙusa yadda nake yi a rafi, na ja layi biyu a ƙasa da yatsana. Idonta yana kan wuta. Na ce "ke", ba ta ji ba. Na sake cewa "ke", ba ta juyo ba. Mata biyu sun riga sun tashi.

Na buɗe baki na ce, "Rakiya!"

Inna ta amsa, "Na'am," kafin ta gane, sannan ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ni kike kira gatsau?"

"Ba ke ba, Inna. Ɗiyata nake kira. Rakiya, dube ni. Bar kallon wuta. Gwiwa ta kalli yatsa. Taho."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ta saki bango. Ta taka ɗaya. Ta taka biyu. Ta wuce ta gaban kaskon wuta ba ta ko waiwaya ba, tana tafiya a hankali, a miƙe, tana cizon leɓe, har ta iso ta faɗa jikina. Na rungume ta a gaban kowa. Kunyar da ta rage mini a ranar na sayar.

Malam ya taka a hankali ya bi sawun da ta bari tun daga ƙofar ɗaki, yana dubawa kamar yana duba allon ɗalibi. Da ya kai ƙarshe ya ce wa wanzami, "Cire ƙarfenka, Allah ya ba da lada."

Kun san abin da mutumin nan ya ce? Yana kakkaɓe toka ya ce, "Ai na san za a rina. Ƙahona ne, sai a hankali yake aiki." Inna ta ba shi goro biyu. Ni da za a bar ni, garwashin zan ba shi ya tafi da shi a aljihu.

Yanzu damina biyu ke nan. Ba zan ce ƙafar ta zama kamar ta kowa ba. Gutsuren ƙosan ya fito amma ƙarami ne, in ta yini ba takalmi gwiwar takan yi mata magana da yamma, sai mu koma goruba da 'ya'yan tsamiya. Tana ɗaukar tulunta. Tabo bakwai suna nan a gwiwarta, da su za ta tafi gidan miji, ba abin da suka saya mata. Inna har yau duk baƙuwar da ta zo sai ta ba ta labarin surukar da ta kira sunanta tsakar rana, amma na sha ganinta tana jera wa Takwararta takalmi a bakin ƙofa don kada ta fita ba shi. Goggo Dudu na kai mata zane ta ƙi karɓa, ta ce in dai daina cewa nononta da ruwa. Allah ya ba ta Aljanna, ko da yake da ruwan.

Roƙona ga duk wadda aka karanta wa takardar nan guda ɗaya ne. In ɗanki ya ce gwiwa, kafin a kira mai aska ko mai wuta, ki zuba ruwa a ƙasa ki sa shi ya taka, ki taka kusa da shi, ki tsuguna ki duba. Ko na fari ne, ki duba. In kin gama dubawa, sai ki share.